ZAUREN MANOMA DA MAKIYAYA: In Za a Ja Ruwan Fadama, Wa Za a Tambaya?

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Sarkin Yamma, da Safo, da Gabi, da Jiratawa, da Ɗan Isa, da Madarunfa, maza da mata. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A karanta sannu-sannu. In an zo wurin da ke da wuya, a tsaya a yi shawara.

Maganar wannan wata maganar ruwa ce.

Kwanan baya na tsaya bakin wata rijiya a ƙasar Sarkin Yamma. Na tarar da wani dattijo yana jan guga, yana ba tumakinsa ruwa. Da muka gaisa sai ya ce mini: "Malam, kai da kake rubutu cikin jarida, in tambaye ka. Igiyar nan sau biyu ina ƙara mata tsawo. Ga birni kuma kullum girma yake yi. Ran da aka zo aka ce za a kafa babban inji a fadamarmu, a ja ruwa cikin bututu a kai wani wuri, mu yarda ko mu ƙi?"

Na ce masa: "Baba, tambayar nan ta fi ƙarfin bakin rijiya. Ka yi mini haƙuri in amsa ta cikin jarida, kowa ya ji."

To, ga amsar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara mu san maganar tun ba a zo da ita ba.

DAGA INA RUWAN RIJIYARMU YAKE ZUWA?

Gulbin Maraɗi ba a Nijar ya taso ba. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, cikin Nijeriya. Can ana ce da shi kogin Gada. Yana shigowa ƙasarmu ta kudancin Madarunfa. Ya wuce ta gindin Maraɗi, ya bi ta Tibiri da Gidan Rumji. Daga nan ya sake komawa Nijeriya, ya haɗu da gulbin Rima mai zuwa Sakkwato.

Gulbin nan da damina kaɗai yake gudu. Amma aikinsa ba ya ƙarewa da damina. In ya kawo ruwa ya malala cikin fadama, wani ruwan yana nutsewa cikin rairayi da laka. Can ƙasa yake kwanciya. Shi ne rijiyoyin garake suke sha da rani. Shi ne itatuwan mangwaro da zogale suke sha.

Ku ɗauka rairayin fadama rumbu ne. Damina ke zubawa, rani ke ɗiba. In abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa, kun san ƙarshen rumbu.

Ƙarƙashin wannan akwai wani ruwan mai zurfi ƙwarai, wanda sai rijiyar burtsatse ke kai gare shi. Shi tsohon ruwa ne. Ba ya cika da sauri kamar na sama. A kudu kuwa, wajen Ɗan Isa da bakin iyaka, dutse yana kusa da bisa. Can ruwan ƙasa kaɗan ne, gina rijiya ma wuya gare shi. Saboda haka idon kowa yana kan kwarin gulbi.

MUN TAƁA GANI: MADATSAR JIBIYA

Mu mutanen wannan kwari ba labari aka ba mu ba. Mun ga abin da tare ruwa yake yi.

Wajen shekarar 1990 aka gama babbar madatsar ruwa a Jibiya, cikin jihar Katsina, bisa kogin Gada. An gina ta don ban-ruwan gonaki da ruwan sha na mutanen wurin. Tana iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 142. Mita kubik guda lita 1,000 ne, wato ganga 5 ta lita 200. Ke nan ganga miliyan 710. Wannan ruwa a da hanyarsa ta ƙofarmu take.

Dattawa suna tuna yadda gulbi yake cika ya shafe fadama. A shekarar 1945 ruwansa ya ci tsohon garin Maraɗi, har aka mai da birni bisa tudu. Bayan an gina madatsar, sai ruwan ya riƙa isowa a makare, ya kuma janye da wuri. Wuraren da yake kwanciya a da suka rage. Tabkin Madarunfa, wanda yake samun ruwa daga gulbin Maraɗi da gulbin Gabi, shi ma ya ji a jikinsa.

Amma mu faɗi gaskiya. Ba madatsa kaɗai ke da laifi ba. Tun ƙarshen shekarun 1960 ruwan sama ya ja baya a Sahel duka. Mun ga farin 1973 da 1974. Mun ga yunwar 1984, wadda mutane suka sa wa suna El Buhari. Mun ga ta 2005. An sare itace a tudu, rairayi ya gangaro ya cike hanyoyin ruwa. Mu da kanmu mun cika fadama da ƙananan injunan ban-ruwa. Wata shekarar kuma ruwan yana zuwa da yawa a lokaci ɗaya ya yi ɓarna, kamar yadda aka gani a Maraɗi a 2024.

Hukumomin ƙasashen biyu ba su yi barci ba. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya. Ranar 18 ga watan Yuli 1990, a Maiduguri, ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar rabon ruwa da adalci. Ta shafi ruwaye huɗu: Magiya, da Gada wato gulbin Maraɗi, da Tagwai wato El Fadama, da Komadugu Yobe. Abin da ta ƙunsa shi ne: kowace ƙasa tana da rabonta. Wadda za ta yi aikin da zai taɓa ruwan ɗaya, ta sanar da ita, a yi shawara tukuna.

Ku lura da wannan. In ƙasa da ƙasa sun yarda sai an yi shawara kafin a taɓa ruwa, to birni da ƙauye fa? Ai su ne suka fi cancanta.

BIRNI MA YANA JIN ƘISHIRWA

Kada wani ya ɗauka ina cewa a hana mutanen birni ruwa. A'a. Al'adarmu ba ta san haka ba. Baƙo in ya sauka, ruwa ake fara ba shi kafin a tambayi sunansa. Kuma su wa ke birni? Ɗiyanmu ne da ke lakkol. Marasa lafiyarmu ne da ke kwance likita. Masu sayen zogalenmu ne da tumatirinmu.

A ƙidayar 1977 mutanen Maraɗi ba su wuce 45,000 ba. A 1988 sun kai kimanin 110,000. A 2012 sun wuce 267,000. Kowane bakin nan ruwa yake sha. Ruwan famfon birni kuwa daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, ba daga sama ba.

A karkara ma yanzu ana yin aikin ruwa mai haɗa garuruwa da yawa. A gina rijiyar burtsatse guda inda ruwa yake da yawa. A kafa babban tanki, wato shato. A ja bututu zuwa ƙauyuka biyar ko goma. Wannan alheri ne. Macen da take tashi da asuba ta yi tafiyar awa biyu da tulu, ita ta san darajar famfo a ƙofar gida.

Saboda haka bututu ba abokin gaba ba ne. Abin tsoro shi ne bututun da aka shimfiɗa ba a yi lissafi ba, ba a kuma tambayi masu wuri ba.

MU YI LISSAFI TARE

Ga misali, don masu koyon lissafi su gwada a allo.

A ce an kafa inji mai jan mita kubik 50 cikin awa guda. A ce yana aiki awa 20 a rana. 50 sau 20 ya ba da 1,000. Mita kubik 1,000 lita miliyan guda ne. Ganga 5,000 ke nan kowace rana.

In mutum guda yana amfani da lita 20 a rana, wannan ruwa ya ishi mutum 50,000. Saniya kuwa da bazara takan sha lita 30 zuwa 40. Ruwan nan ya ishi shanu 25,000. Kun ga inji guda ba abin wasa ba ne, ga wanda aka kai wa da wanda aka ɗebe wa.

Kuma ga yadda yake aiki. In ka ɗebi hatsi daga tsakiyar tsibi, wurin yana yin rami, na gefe yana gangarowa. Haka ruwan ƙasa yake. Babban inji yana yin rami cikin ruwa kewaye da shi. Rijiyar da ke kusa, in ba ta da zurfi, ita ke fara ƙafewa. Mai kuɗi zai ƙara zurfin tasa. Talaka mai guga da igiya shi za a bari da busasshen rami.

Shekarar fari abin ya fi muni. Rumbu bai cika ba, ɗiba kuma ta ƙaru, don kowa ya koma noman rani. Shi ya sa rigimar bututu ta fi tashi lokacin fari.

DARASIN TIBIRI

Akwai wata tambayar bayan ta yawan ruwa. Ita ce ta lafiyar ruwa.

A Tibirin Gobir, maƙwabtanmu, an fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi a 1985. Ruwa garau, ba wari, ba launi. Ashe yana da wani sinadari mai suna fuliyo fiye da kima. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa. Shekaru suna tafiya, haƙoran yara suka yi ja, ƙafafun wasu suka lanƙwashe. Sai wajen shekarar 2000 maganar ta fito fili. Yara dubbai abin ya taɓa.

Da ana auna ruwan a kai a kai, ana faɗa wa jama'a sakamako, da ba a kai haka ba. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Matambayi ba ya ɓata.

YADDA WASU SUKA YI

Ba mu ne farau ba. Ga labari huɗu.

Na farko, Bakalori. An gama wannan madatsa a 1978 bisa gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. An karɓi gonakin mutane, diyya ta yi jinkiri, wasu ba su samu ba. Manoma suka fusata suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilu 1980 aka aika ƴan sanda, aka yi harbi, manoma da yawa suka mutu. Na ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke ba su shinkafa da kifi. Madatsa ba ta tashi ba, matattu ba su dawo ba.

Na biyu, Kafin Zaki, cikin jihar Bauci. An so a datse kogin Jama'are. Wannan kogi yana cikin masu ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru. Shi ne kuma yake zuba cikin Komadugu Yobe, wadda ƴan'uwanmu na Difa suke noman tattasai da ita. Mutanen can sun riga sun ga yadda ruwa ya ragu bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992. Da aka sake tada maganar Kafin Zaki a 2008, manoma da masunta da makiyaya na Yobe da Barno suka ce ba su yarda ba. Shugabanninsu suka kai maganar sama. Masana suka kawo lissafin abin da fadama take bayarwa: shinkafa, kifi, ciyawa, itace. Har shekarar 2020 ba a kammala madatsar ba.

Na uku, a Amurka. A 1913 birnin Los Anjalis ya buɗe hanyar ruwa mai tsawon kilomita 375 daga wani kwari mai suna Owens. Mutanen kwarin manoma ne da makiyaya. A 1924 wasunsu suka sa nakiya suka fasa hanyar. Birni ya gyara, ya ci gaba da jan ruwa. Zuwa 1926 babban tabkin kwarin ya bushe, ya koma fili mai tada ƙura.

Na huɗu, a Amurka kuma. Birnin Las Begas cikin hamada yake. A 1989 hukumar ruwansa ta nemi izinin jan ruwan ƙasa daga kwaruruka masu nisa. Bututun zai kai kusan kilomita 480. Daga shekarar 2000 fari ya kama kogin Kolorado, wanda birnin yake sha, sai maganar ta ƙara zafi. Makiyayan kwarurukan, da ƙabilun asali na wurin, da maƙwabtansu suka haɗa kai. Ba su fasa komi ba. Sun auna maɓuɓɓugansu, sun rubuta, sun nemi masana, sun je gaban alƙali sau da yawa. A 2020, bayan shekara 31, hukumar ta ajiye maganar. Birnin kuwa bai mutu da ƙishirwa ba. Ya koyi tattali, ya rage shuka ciyawar ado mai shan ruwa.

Ku auna labaran nan huɗu. Inda aka yi fushi aka tare hanya, ko aka fasa kaya, talaka ne ya yi asara. Inda aka haɗa kai, aka riƙe takarda da lissafi, an saurari talaka. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

ME DOKAR ƘASARMU TA CE?

Doka ba ta bar mu hannu sake ba.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira Kofo, a gunduma da gari da ƙauye. Su ke rubuta gonaki, da burtali, da makiyaya, da mashaya.

Dokar ruwa ta 2010 ta ce kowane ɗan ƙasa yana da hakkin samun ruwa. Ta sa ruwan sha gaba da sauran buƙatu. Wannan ya shafi na birni, ya shafi na ƙauye.

Dokar kiwo ta 2010 ta tsare wa makiyaya hanyarsu ta zuwa ruwa da ciyawa.

In aikin jama'a zai ci gonar mutum, doka ta ce a biya shi diyya ta adalci kafin a karɓa, ba bayan an karɓa ba.

Akwai kuma dokar 2018, wadda ta ce kafin a yi babban aiki a binciki illar da zai yi wa ƙasa da mutane, a kuma ji ta bakin jama'ar wurin.

Saboda haka wanda ya tashi cikin taro ya yi tambaya da ladabi bai saɓa wa hukuma ba. Dokar hukuma yake bi.

TAMBAYOYI BAKWAI

In an zo garinku da maganar jan ruwa, ku karɓi baƙi da mutunci. Ku shimfiɗa musu tabarma, ku ba su ruwa. Sa'an nan ku yi waɗannan tambayoyi. Ku kwafe su cikin kaye tun yau.

1. Lita nawa za a riƙa ja kowace rana? Da damina nawa, da bazara nawa?

2. Daga wane ruwa za a ja? Na sama da rijiyoyinmu suke sha, ko na can ƙasa? Mita nawa ne zurfin?

3. An yi gwajin jan ruwa? Lokacin gwajin, an auna rijiyoyin da ke kusa? Wa ya gani daga cikinmu?

4. Shekarar fari, wa zai rage sha? In ruwa ya sauka zuwa wane wuri za a rage gudun inji?

5. In rijiyar wani ta ƙafe, wa zai ƙara mata zurfi? Da kuɗin wa? Cikin kwana nawa?

6. Garin da aka ja ruwa daga ƙasarsa, da garuruwan da bututu zai ratsa, za su sami famfo? Dabbobi za su sami wurin sha? Nawa za a sayar da jarka?

7. Wa zai riƙa auna lafiyar ruwan? Sau nawa a shekara? A ina za a karanta mana sakamako da Hausa da Fulatanci?

Duk amsar da aka ba ku, ku roƙa a rubuta. A sa hannu, a buga hatimi. Mai gari ya ajiye takarda guda, arɗo guda, Kofo guda, ofishin gunduma guda. Maganar baki iska ke ɗauke ta. Ma'aikacin da ya yi muku alkawari bana, baɗi ana iya canza masa wurin aiki. Takarda ita ba a canza mata wuri.

AIKIN DA ZA MU FARA WANNAN WATA

Ga aikin da ba ya cin ko dala. Kowane ƙauye ya zaɓi rijiya uku: ta gari, ta garka, da ta mashayar dabbobi. A sami igiya, a yi mata ƙulli kowace mita guda. A ɗaura mata ɗan dutse a baki.

Ranar ɗaya ga kowane wata, da sassafe kafin a fara jan ruwa, a saka igiyar har dutse ya taɓa ruwa. A ƙidaya ƙulli daga bakin rijiya. A rubuta cikin kaye: sunan rijiya, kwanan wata, mita nawa. Kullum a auna daga wuri ɗaya na bakin rijiyar. Mutum biyu su auna, na uku ya rubuta. A sa mace cikinsu, don mata sun fi kowa sanin halin rijiya.

Bayan shekara biyu ko uku za ku san rijiyarku kamar yadda kuka san gonarku. In wata rana ruwa ya sauka, ba za ku ce "muna gani kamar ya ragu" ba. Za ku ce: "A watan Afrilu na shekara kaza mita kaza ne, bana mita kaza." Ma'aikacin ruwa yana girmama mai irin wannan magana, don aikinsa ma ta sauƙaƙa.

Wannan shi ne amfanin karatun da kuke yi da dare bayan gajiyar gona.

Kaye ɗin zai kuma faɗa mana gaskiyar kanmu. In injunan garakenmu ne ke shanye ruwa, za mu gani. Sai mu gyara: ban-ruwa da safe ko da marece, ba da tsakar rana ba. A toshe tiyo mai yoyo. A bar sabbin itatuwa su tsiro cikin gona, kamar yadda manoman jihar Maraɗi suka koya wa duniya tun shekarun 1980. A yi gandari da jeren duwatsu a tudu don ruwa ya tsaya ya nutse. Wanda yake ɓarnar ruwa a garkarsa, bakinsa ba ya da nauyi in ya ce wani kada ya ja.

MANOMI DA MAKIYAYI, TABARMA GUDA

Akwai abin da ya fi bututu haɗari. Shi ne mu rabu.

In ruwa ya yi ƙaranci, manomi yana ganin laifin shanu. Makiyayi yana ganin laifin garka da ta toshe hanyar mashaya. Mun san inda wannan hanya take kaiwa. A watan Oktoba 1991, a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100. Yawancinsu mata ne da yara. Allah ya jiƙansu, Allah kada ya maimaita mana.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran da za a yi taron ruwa, a kira mai gari, a kira arɗo. A kira liman, da shugabar mata, da masu garka, da masunta, da samari. A kira na ƙauyen gaba da na ƙauyen baya, don ruwan ƙasa bai san iyakar gari ba. A yi magana a gida tukuna, a tsai da baki ɗaya. Sa'an nan a zaɓi wakilai masu natsuwa su kai ta gaban sarki da shugaban gunduma.

Kada a yarda wani ya sa hannu a ɓoye da sunan gari. Kada kuma a bar masu zuga su sa yara su taɓa kayan aiki. Kayan nan da kuɗin ƙasa aka saye su, wato kuɗinmu.

AMSAR BABA

To Baba, mai tumaki na bakin rijiya, ga amsarka.

Kada ka ce "na ƙi" tun ba ka ji ba. Wanda za a kai wa ruwan ɗan'uwanka ne, watakila ma jikanka. Kada kuma ka ce "na yarda" tun ba ka gani a rubuce ba. Ka ce: "A gaya mana nawa za a ɗiba. A nuna mana abin da zai rage. A rubuta wanda zai gyara in an yi ɓarna."

In amsa ta fito sarai, ruwa ya isa, an ba gari rabonsa, to a sa albarka, a taimaka da gina ramin bututu. In lissafi ya nuna rijiyoyinku za su ƙafe, kuna da hakkin ku ce a sake shawara, a nemi wani wuri, ko a rage yawan da za a ja. Ku faɗa da ladabi, ku faɗa tare, ku faɗa da takarda a hannu. Hukumar da ke son zaman lafiyar karkara ta fi son ta ji gaskiya tun aiki bai fara ba.

Garin da ya fara auna rijiyoyinsa ya aiko mana da abin da ya samu ta hannun malamin yaƙi da jahilci. Za mu buga cikin wannan fili don wasu su yi koyi. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan yasar rijiya da gyaran bakinta kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Allah ya cika gulbi ba tare da ɓarna ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.